Rashawa a Ƙasashen Tsibirai: Me Binciken Masana Ya Canja, Me Ya Gagare Shi?

Duk farkon shekara, da zarar ƙungiyar Transparency International ta fitar da jadawalinta na cin hanci a ƙasashe 180, sai tsohuwar gardama ta dawo zaurukan WhatsApp da shirye-shiryen rediyo. A jadawalin 2024 Najeriya ta samu maki 26 cikin 100. Seychelles, wasu 'yan tsibirai a tekun Indiya da mutanensu ba su kai na yawancin ƙananan hukumomin Kano ba, ta samu 72, ita ce kan gaba a Afirka kudu da Sahara, Cape Verde na bin bayanta. Singafo ta zo ta uku a duniya da maki 84. Sai wani ya ce ai ga amsa nan a fili: ƙasa in ta yi ƙanƙanta ɓarawo ba shi da maɓoya, mu girma ne ya cuce mu. Wani ya ce a je a kwafo dokokin Singafo kawai a huta. Na uku ya taɓe baki ya ce duk surutun 'yan boko ne, rubutun jami'a bai taɓa hana kowa sata ba.

Su ukun nan, ko sun sani ko ba su sani ba, suna jayayya ne a kan wani fage na ilimi da aka shafe kusan shekara talatin ana nomawa: bincike a kan rashawa da salon mulki a ƙasashen tsibirai. Shin wannan bincike ya yi tasiri? In ya yi, a kan wa, kuma ta wace hanya? A nawa ganin, ya fi ƙarfi wajen rushe zato marar tushe, ya yi matsakaicin ƙarfi a ofisoshin masu ba da tallafi, ya kuma fi rauni a daidai inda ake raba kuɗi.

Waɗanne ƙasashe, kuma wane irin tasiri?

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rukunin ƙasashe 39 da take kira ƙananan ƙasashen tsibirai masu tasowa. Taronsu na farko a Barbados aka yi a 1994, na baya-bayan nan a Antigua da Barbuda a 2024. Sunan ne kawai ɗaya. A ciki akwai Tuvalu mai mutum wajen 11,000, da Nauru da duka faɗinta murabba'in kilomita 21 ne. A ciki kuma akwai Haiti mai mutum sama da miliyan 11, da Papua New Guinea mai harsuna fiye da 800. Singafo ma tana ciki. Wanda ya ce “tsibiri” ya yi shiru bai faɗi komai ba tukuna.

Ita ma kalmar tasiri ana cakuɗa ta. A wurin malaman jami'a, tasiri na nufin ambato: sau nawa wasu masana suka kawo sunan aikinka a nasu rubutun. Har ma'auni gare shi, wanda wani masanin kimiyya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005: malamin da lambarsa ta kai 20, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Da irin wannan ake samun ƙarin girma da kuɗin bincike. Tasiri na biyu shi ne maganar malami ta shiga kunnen Bankin Duniya, ko gwamnatin Ostireliya, ko masu rubuta doka. Na uku shi ne wanda mai sayar da kifi a kasuwar Honiara, babban birnin Tsibiran Solomon, za ta gani a rayuwarta.

Na farkon yana yi wa sauran biyun illa. Wanda ya yi rubutu a kan Cana ko Amurka, dubbai ne za su ambace shi. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan siyasar Tuvalu, masu karanta shi ba su cika aji guda ba. Saboda haka aka daɗe ana tsallake waɗannan ƙasashe. A 2015 wasu masana biyu, Wouter Veenendaal ɗan Holan da Jack Corbett ɗan Ostireliya, suka nuna yadda manyan nazarce-nazarcen kwatanta ƙasashe ke zubar da ƙanana tun daga bakin ƙofa: wannan ya ce ba zai lissafa ƙasar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, wancan ya yanke a rabin miliyan. Daga nan sai a fito a ce an gano “dokar” dimokuraɗiyya ko ta rashawa a duniya, alhali an bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasashen duniyar a waje.

Shin da gaske ƙanƙanta na hana sata?

A nan bincike ya yi aikinsa mafi kyau, kuma mutumin farko a gardamarmu ya kamata ya saurara. A ƙarshen shekarun 1990, da aka fara samun jadawalin rashawa, masana tattalin arziki suka duba suka ga lalle ƙananan ƙasashe sun fi samun maki. Aka fara gina bayanai a kai. Sai a 2003 Stephen Knack na Bankin Duniya da Omar Azfar suka yi wata tambaya mai sauƙi: wa ke zaɓar ƙasashen da ke shiga jadawalin?

Amsar ita ce, jadawalin ana haɗa shi ne daga rahotannin kamfanonin da ke auna haɗarin zuba jari da ra'ayoyin 'yan kasuwa. Babbar ƙasa irin Najeriya ko Indunusiya dole a auna ta, ko tana da kyau ko ba ta da shi, domin kasuwarta ba ta tsallakuwa. Ƙaramar ƙasa kuwa ba mai ɓata kuɗi ya auna ta sai in tana jan masu jari, wato sai in dama can tana da tsari. Ke nan an tara manyan ƙasashe na kirki da na banza a gefe ɗaya, an tara zaɓaɓɓun ƙanana a ɗaya gefen, aka ce ƙanana sun ci. Da suka yi amfani da bayanan da suka ƙunshi ƙananan ƙasashe masu yawa, sai alaƙar nan tsakanin girma da rashawa ta yi rauni ƙwarai, a wasu lissafan ma ta ɓace.

Har gobe alamar wannan matsala na nan. Transparency ba ta saka ƙasa a jadawali sai an samu aƙalla majiya uku da suka auna ta, shi ya sa ba za ka ga Tuvalu ko Nauru ko Palau a ciki ba. Kuma wanda ya nuna maka Seychelles, ka tambaye shi Comoros, wadda ita ma tsibirai ce a tekun guda, amma tana ƙasa da Najeriya a jadawalin. Haka Haiti.

Sai a 2021 ƙungiyar ta je ta tambayi su mutanen tekun Fasifik da bakinsu, mutum sama da 6,000 a ƙasashe da yankuna 10. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka nemi wani aiki a ofishin gwamnati, asibiti ko makaranta suka ce sai da suka ba da wani abu. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce an taɓa yi musu tayin sayen ƙuri'a. Adadin masu ba da cin hancin ya ɗara abin da irin wannan tambaya ta samo a Afirka a 2019.

Garin da kowa ya san kowa

Veenendaal da Corbett ba su tsaya a ƙorafi ba. Sun bi ƙasashe 39 masu mutum ƙasa da miliyan ɗaya, sun zauna da 'yan siyasa da ma'aikata da 'yan jarida, suka fitar da sakamakon a 2018. Abin da suka samo yana da fuska biyu. Ƙananan ƙasashe sun fi manya riƙe dimokuraɗiyya: ana zaɓe, ana miƙa mulki, juyin mulkin soja ba shi da yawa. Amma siyasar tasu ta sanayya ce tsantsa. A Tuvalu 'yan majalisa 16 ne, babu jam'iyya ko ɗaya, mutum na cin zaɓe da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u. Ɗan takara ya san gidan da ya zaɓe shi da wanda ya juya masa baya. Mai zaɓe kuma ya san ƙofar gidan minista, can zai kai kukan kuɗin makaranta da na jana'iza.

Gaskiya ne a irin wannan wuri ɓarawo ba shi da maɓoya. Ranar da ya sayi sabuwar mota kowa ya san kwangilar da ta haife ta. Sai dai oditan da zai binciki takardun ɗan ƙanwar matarsa ne, ɗan sandan da zai kama shi cocinsu ɗaya, ɗan jaridar da zai rubuta labarin kuma gwamnati ce kaɗai mai ba jaridarsa talla. Ana sani, ba a iya hukuntawa. Samoa ta ga haka a 1994, lokacin da babban oditan ƙasar, Su'a Rimoni Ah Chong, ya miƙa rahoton da ya taɓa ministoci da dama. Shi aka dakatar, daga baya kuma aka gyara tsarin mulki aka taƙaita wa'adin mai riƙe da kujerar.

Wannan ne ya sa ƙasashen yankin Fasifik da yawa ke ɗauko alƙalai daga waje, kuma labarin Vanuatu na 2015 ya nuna amfanin hakan. An gurfanar da Moana Carcasses, mataimakin firaminista a lokacin, bisa raba wa 'yan majalisa kuɗi da suka kai vatu (kuɗin ƙasar) miliyan 35 don su mara wa ƙudurin tsige gwamnatin da ta gabata baya. Ya ce rance ne. Mai shari'ar, Mary Sey, 'yar Gambiya ce, ba ta da dangi ko suruki a ƙasar. Ta same su da laifi. Kafin a yanke hukunci sai shugaban ƙasa Baldwin Lonsdale ya yi tafiya, kakakin majalisa Marcellino Pipite ya zama muƙaddashi. Shi ma yana cikin masu laifin. Nan take ya yi wa kansa da abokansa afuwa. Lonsdale na dawowa ya soke afuwar, aka ɗaure 'yan majalisa 14 daga cikin 52, aka rushe majalisar, aka sake zaɓe a farkon 2016. Ba maƙalar wani farfesa ce ta ɗaure su ba. Amma masana ne suka ciro darasin daga cikin labarin suka kai shi gaban masu tsara dokoki: a ƙaramar ƙasa, 'yancin mai bincike da mai hukunci daga igiyar zumunta ya fi yawan dokoki muhimmanci.

Kyauta ce ko toshiyar baki?

A 2004 Peter Larmour na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya, tare da Manuhuia Barcham, suka jagoranci nazarin hukumomin tsare amana a ƙasashen Fasifik 12. Abin da ya yi ta dawowa a rahotannin shi ne, mutane ba su ma daidaita a kan me ake kira rashawa ba. A Fiji baƙo ba ya shiga ƙauye hannu rabbana, sai ya kai wa dagaci saiwar kava, wadda suke yin abin sha na gargajiya da ita. A Kiribati akwai bubuti, roƙon da ɗan'uwa ba ya iya ƙi. A Papua New Guinea da Tsibiran Solomon akwai wantok, wato “mai harshe ɗaya da kai”, wanda haƙƙinsa ne ka ciyar da shi, ka sama masa aiki, ka tsaya masa. To ɗan takarar da ya kai buhunan shinkafa ƙauye ana saura mako biyu zaɓe, al'ada ya bi ko ƙuri'a ya saya?

Ɓangarori biyu suka ja daga. Masu ba da tallafi suka ce al'adar ce cutar, sai an raba ma'aikaci da danginsa kafin gwamnati ta tsaya. Wasu 'yan siyasa da 'yan kishin ƙasa suka ce kalmar rashawa ma kanta baƙuwa ce, Turawa ne ke kiran karamcinmu sata. Binciken ya ƙi ba kowa gaskiya dukanta. Ya nuna mutanen ƙauye sun iya bambancewa sarai: kyautar al'ada a bainar jama'a ake yin ta, da jawabi, da shaidu, daga aljihun mai bayarwa, kuma ana sa ran ramawa. Wadda aka kai da dare a ambulan, daga baitulmali, kowa ya san sunanta daban ne. Grant Walton, wanda ya zauna da ƙungiyoyin talakawa a larduna daban-daban na Papua New Guinea, ya ga cewa su abin da ya fi damunsu shi ne cutar da abin ya yi wa al'umma, ba wai sashen dokar da aka karya ba, kuma inda gwamnati ba ta kai asibiti ko hanya ba, mutane kan yi wa ƙananan ha'inci uzuri. Samoa ta ɗauki hanyar tsakiya a dokar zaɓenta: ba ta haramta kyaututtukan gargajiya da ɗan siyasa ke kai wa mazaɓarsa ba, ta dai ƙayyade lokacin da za a yi su, ta nisanta su da lokacin neman ƙuri'a.

Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan. Mu ma muna da na goro, da alfarma, da “ɗanmu ne”. A Yamai, Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na cibiyar LASDEL sun yi irin wannan nazari a asibitoci da kotuna da kwastan na Nijar, suka nuna yadda cin hanci ke fakewa a cikin kalmomin kirki na zumunci da kyauta. Mutane biyu a nahiyoyi biyu suka haƙa rijiya, suka tarar da ruwa iri ɗaya.

Daga Jakarta da Port Moresby zuwa Legas

In ana neman inda binciken tsibirai ya zo har ƙofar gidanmu, ga shi. Shekara da shekaru hukumomi ke kashe kuɗi a kan wayar da kai: allunan titi, waƙoƙin rediyo, tallan talabijin, duk suna cewa rashawa ta yi katutu, ta cinye ƙasa, a tashi a yaƙe ta. Ba wanda ya tsaya ya auna ko suna aiki. Caryn Peiffer, wadda yanzu ke Jami'ar Bristol, ta gwada a Jakarta, babban birnin Indunusiya. Aka raba mutane rukuni-rukuni, kowane aka karanta masa saƙo daban, wani rukunin ba a karanta masa komai ba, sannan aka yi musu tambayoyi iri ɗaya. Waɗanda suka ji saƙonnin sai suka ƙara karaya. Har saƙon da ke yabon nasarorin gwamnati bai tsira ba, domin da ka ambaci rashawa ka tuna wa mutum abin da dama yake cinsa a rai.

Ita da Walton suka maimaita gwajin a Port Moresby, babban birnin Papua New Guinea, da saƙonni huɗu: ɗaya na cewa rashawa ta game ko'ina, ɗaya na cewa karya doka ce, ɗaya na jan hankali ta fuskar addini, ɗaya kuma na cewa abin yana cutar da wantok ɗinka, danginka da unguwarka. Na ƙarshen nan ne ya fi motsa mutane su yarda da kai rahoto. Wato al'adar da aka ce ita ce cutar, ita ce ta zama ƙofar magani.

Daga nan aka kawo gwajin Legas, Peiffer da Nic Cheeseman na Jami'ar Birmingham, da mutum fiye da 2,000, har da wani wasa da aka sa kuɗi na gaske don a ga wa zai ba da toshiyar baki. Sakamakon ya fito a 2022 a ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyyar siyasa na Amurka: saƙonnin ko dai ba su yi komai ba, ko kuma sun ƙara sa mutane bayarwa, musamman waɗanda dama sun yanke ƙauna. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. In ka gaya mini kowa na yi, ka gaya mini ni kaɗai ne wawa in na ƙi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yau masu tsara irin waɗannan shirye-shirye da yawa sun san da wannan gargaɗi, ko da yake mai sauraron rediyo zai shaida cewa tsohon salon bai mutu ba.

Kwafo Singafo

Mutum na biyu a gardamarmu ba shi kaɗai ba ne, gwamnatoci ma sun yi wannan tunani. Singafo ta kafa hukumar binciken rashawa tun 1952, ta ƙarfafa dokarta a 1960. Hong Kong ta kafa tata a 1974 a kan ƙafa uku: bincike, toshe kafofi, da ilmantar da jama'a. Wannan tsari ya zaga duniya, ya je Botswana a 1994, ya je Mauritius da Madagaska, kuma ƙafafun nan uku za ka gani a dokar da ta kafa ICPC a Najeriya a 2000. A fagen yaƙi da rashawa, da wuya a sami wani samfuri da aka kwafa kamarsa.

Jon Quah, malamin Singafo da ya shafe shekaru yana nazarin abin, ya sha nanata sharuɗɗan: shugabanni masu nufin gaske, hukuma guda mai isassun kuɗi da ma'aikata wadda ba ta zama karen farautar mai mulki ba, da albashi mai tsoka. Ga shi ƙasar birni ɗaya ce, babu jihohi, babu karkara mai nisa, jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1959. Masu kwafa suka ɗauki ginin suka bar harsashin. A Papua New Guinea an kafa rundunar bincike ta musamman a 2011 ƙarƙashin Sam Koim, ana ta yabo, har ranar da ta samo sammacin kama firaminista Peter O'Neill a 2014. Daga nan aka nemi rusa ta, aka toshe mata kuɗi.

Inda aka yi magana ba a ji ba

A Tsibiran Solomon kowane ɗan majalisa cikin 50 yana da asusun raya mazaɓa, ɗan'uwan abin da muke kira ayyukan mazaɓu. Taiwan ta daɗe tana zuba kuɗi a ciki, Cana ta karɓa bayan da ƙasar ta sauya ƙawa a 2019. Masanin siyasa Terence Wood da wasu sun yi ta rubutu a kan yadda kuɗin ke tafiya: kwanon rufi, farantin sola, injin kwale-kwale, kuɗin makaranta, mafi yawa ga waɗanda suka zaɓi mai kujera. Sun nuna mai zaɓe ba jahili ba ne, lissafi ya yi: gwamnatin da ba ya gani ba za ta rufa masa ɗaki ba, ɗan majalisa zai rufa. A da, kusan rabin 'yan majalisa kan faɗi a kowane zaɓe. Da asusun ya kumbura, a 2014 da 2019 mafi yawansu suka dawo. Duk wannan a rubuce yake, an gabatar a taruka, masu tallafi sun karanta. Asusun bai fasa girma ba, domin masu ikon rage shi su ne masu cin moriyarsa. Sai a 2023 aka yi sabuwar dokar sa ido a kansa.

Haka batun katako a Papua New Guinea. Mai shari'a Tos Barnett ya jagoranci bincike daga 1987 zuwa 1989, ya tona yadda kamfanonin waje ke sayen 'yan siyasa suna kwashe daji. An daɓa masa wuƙa, ya sha da ƙyar. Aka yi sabuwar dokar gandun daji a 1991. Bayan shekara ashirin da 'yan kai wani kwamitin ya gano an ba da hayar ƙasar gado fiye da hekta miliyan 5 da sunan noma, akasari don a sare itatuwa.

Abin da ya shafi talaka

Lambobin nan na masana suna da farashi. Hukumar Millennium Challenge ta Amurka ta sa ma'aunin Bankin Duniya na daƙile rashawa ya zama sharaɗin samun tallafinta. Cape Verde ta tsallake ta samu a 2005, Vanuatu ta samu wajen dala miliyan 65 a 2006, aka shimfiɗa tituna a tsibiran Efate da Santo. Maki kaɗan a takarda na iya zama kwalta ko rashinta.

Ta ɗaya gefen, sunan da ƙasa ta yi yana bin ɗan ƙasa har filin jirgi. Nauru ta taɓa yi wa bankunan bogi wajen 400 rajista, har babban bankin Rasha ya ce dala biliyan 70 sun bi ta cikinsu a 1998, aka saka ƙasar a baƙin littafi. Saint Kitts da Nevis ta fara sayar da fasfo a 1984, wasu suka bi sahu, kuma attajiran Najeriya na cikin masu saye. Da rahotanni suka yi yawa a kan raunin tantance masu sayen, Birtaniya ta ɗora wa 'yan Dominica da Vanuatu biza a 2023. Wanda bai sayar ba, bai saya ba, bai ga ko sisi ba, shi ne ke bin layi a ofishin jakadanci.

Wa ke riƙe da alƙalamin?

Mai karatu zai lura sunayen da na yi ta ambata yawancinsu na Ostireliya ne da Turai. Ba kuskure ba ne, haka fagen yake, kuma a nan mutum na uku a gardamarmu yana da 'yar gaskiya. Kuɗin binciken na fitowa ne daga ƙasashen da ke ba da tallafi, su kuma suna da muradunsu a yankin, musamman yanzu da suke takara da Cana. Tambayar da suka fi so ita ce me ya sa ɗan tsibiri ke karɓa. Wadda ba a cika yi ba ita ce wa ke bayarwa, kuma a bankin wace ƙasa kuɗin ke kwana. Wani masani ɗan asalin Tonga, Epeli Hau'ofa, ya koka tun 1993 a kan yadda ake kallon yankinsu a matsayin 'yan ɗigo-ɗigo marasa galihu a tsakiyar ruwa.

Ɗan gida kuwa, in ya ce zai tona, ya san abin da ke jiransa. Jami'ar Kudancin Fasifik, wadda aka kafa a 1968 kuma ƙasashe 12 suka mallaka, ita ce babbar cibiyar ilimin yankin, hedikwatarta na Suva a Fiji. A 2019 sabon shugabanta, Farfesa Pal Ahluwalia, ya rubuta rahoto a kan yadda aka yi wasa da kuɗi da muƙamai a jami'ar kafin zuwansa. A watan Fabrairun 2021 jami'an shige da fice suka dira gidansa cikin dare, suka sa shi da matarsa a jirgi suka fitar da su daga ƙasar. Ya ci gaba da tafiyar da jami'ar daga Nauru, sannan daga Samoa, gwamnatin Fiji kuma ta riƙe kuɗin da take ba makarantar.

Mai mulkin Fiji a lokacin shi ne Frank Bainimarama, sojan da ya ƙwace mulki a watan Disambar 2006 da sunan share rashawa, wanda kuma ya kafa wa ƙasar hukumar yaƙi da cin hanci a 2007. Ya sauka bayan zaɓen 2022, sabuwar gwamnati ta ba Ahluwalia izinin dawowa. A watan Mayun 2024 kotu ta ɗaure Bainimarama shekara ɗaya saboda ya umarci shugaban 'yan sanda, Sitiveni Qiliho, ya janye hannu daga binciken kuɗin jami'ar. Shi Qiliho shekara biyu ya samu. An saki Bainimarama a watan Nuwamba, bayan wata shida.